Sunan Baba a Babi na Bakwai

Ni na jawo Baba cikin aikin nan da hannuna, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Mikail ne ya kawo maganar. Tsohon ɗalibin Baba ne, yanzu ma'aikacin kwamfuta a wani ofis, irin mutanen nan da ba sa iya ganin abu a warwatse sai sun zana masa jadawali. Ya samo wani littafin taimakon gaggawa na Turanci wanda masu shi suka yarda kowa ya fassara, babi ashirin da biyu, tun daga saran maciji har abin da za a yi wa wanda loma ta shaƙe. Ya tara mu mu goma sha ɗaya, malaman makaranta irina, da nas biyu, da Alhaji Fa'izu mai sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi. Ya buɗe mana wiki, wato wani wuri a intanet inda kowane babi yake da shafinsa, kowa ya shiga da sunansa ya rubuta, wani ya zo ya duba ya gyara. Ya ce ko waƙafi mutum ya cire, wiki zai rubuta sunansa da ranar da lokacin a wani gefe da ake kira tarihin shafi. Sau uku ya maimaita wannan a taronmu na farko, ni kuwa ina can ina amsa saƙo a waya.

Doka ɗaya ce mai ƙarfi. A shafin farko akwai jadawali. Duk wanda ya sa sunansa a gaban babi, babin ya zama nasa, ba mai sa masa hannu sai ya rubuta "na gama", sannan masu dubawa su shiga. Mikail ya ce don kada mutum biyu su ɓata lokaci a kan abu ɗaya. Ya kuma ce a wiki kowa daidai yake, babu babba babu yaro. Na dube shi kawai. Mutumin da har yau in ya hango Baba sai ya cire takalmi tun daga bakin lungu, shi ne yake gaya mana babu babba.

Baba, wanda mutanen Yakasai suke kira Malam Ɗantani, ya yi tafinta a kotu tun yana saurayi, sannan ya shekara talatin yana koyar da Turanci a sakandare. A unguwarmu in magana ta rikice tsakanin Turanci da Hausa, shi ake jira. Bara da damina hawan jini ya buge shi yana cikin alwala. Allah ya taƙaita, cikin wata biyu hannu ya dawo, ƙafa ta dawo, magana ta daidaita. Sai dai ya yi shiru, ya zama mai yawan zama a ɗaki yana kallon bango. Ni da iyayina sai na yanke cewa rashin aikin yi ne. Na kai masa tsohuwar kwamfutata, na buɗe masa akawun a wiki, na lallaɓa shi ya zo taro na biyu.

Da ya shigo kowa ya miƙe. Mikail har rawar murya yake, ya ce Malam ya zaɓi duk babin da ya ga dama, ko da wani ya riga ya ɗauka. Baba ya sa tabarau ya bi jadawalin da yatsa, ya tsaya a kan na bakwai, babin ƙuna. Ya ce ya gaji da ganin abin da ake yi wa ƙuna a unguwa, daga mai fasa ɗanyen ƙwai sai mai shafa makilin. Aka yi dariya. Ya rubuta sunansa da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, ana tsaye a kansa ana murmushi. Ranar na koma gidana a Ƙofar Nassarawa ina jin kaina kamar wata likita.

Wata biyu suka wuce. Duk babin da aka gama Mikail yana mayar da layinsa kore, jadawali ya yi ta korewa, na bakwai yana nan fari fat. Nana Hadiza, babbar nas ɗinmu kuma shugabar masu dubawa, ta riga ta sa ranar da za a horar da 'yan sa-kai na unguwanni da littafin, sati biyu bayan Sallah. Da wani ne ya riƙe babi haka, da tuni Mikail ya aika masa saƙo uku ya karɓe abinsa. Amma wa zai tambayi Malam? Sai dai Mikail ya kira ni ya ce, "Malama Lauratu, ya jikin Malam?" In ce da sauƙi. Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya yi ɗan shiru, sannan ya kashe. Ni da shi duka mun san ba jikin yake tambaya ba.

Ranar Juma'a nake zuwa gida, da an tashi makaranta. Wata Juma'a na iso da wuri na tarar da Baba a gaban kwamfuta, yatsansa a kan allon, leɓensa yana motsi. Bai ji sallamata ba sai da na sake.

Ya ce, "Lauratu, zo ki ga wannan kalmar. Tana bakina."

Na leƙa. Kalma ce da shi da kansa ya koya mini ina aji uku na firamare. Na faɗa masa ma'anarta. Ya ce, "Haka ne, haka ne," ya matsa da yatsan gaba, ya sake tsayawa a kalma ta uku. Wannan karon bai tambaye ni ba. Ya rufe kwamfutar a hankali ya ce bari ya yi wanka, lokacin masallaci ya gabato. A ƙarƙashin hannunsa akwai takarda, layi ɗaya da rabi a kanta, an soke su da biro har takardar ta huje.

Hausarsa tana nan, karatun Alƙur'aninsa yana nan, yana tuna sunan kowane jika. Turancin ne yake zarewa daga kansa, kuma ya sani, kuma bai gaya wa kowa ba. Ni kuma na ɗauko shi na tsayar da shi a gaban mutum goma sha ɗaya na sa ya rubuta sunansa.

Abin da ya kamata in yi na san shi: in kira Mikail in ce ya ba wani babin. Amma da wane baki? In ce masa malaminka ba ya iya karanta sakin layi ɗaya? Kuma wiki ba ɗaki ba ne da za a rufe ƙofa a yi magana. Da an cire sunan kowa zai gani, Alhaji Fa'izu kafin kowa, don shi jerin sababbin canje-canje na wiki yake karantawa da safe kamar jarida, yana zaune a rumfarsa. Abin da ya shiga rumfar Alhaji Fa'izu da hantsi kuwa, kafin La'asar ya zagaye Kurmi ya iso Yakasai. Na kasa jure tunanin a riƙa gaishe da Baba da muryar tausayi.

Ƙarfe goma sha biyu da rabi ya fita, don shi mutumin sahun farko ne, kuma ba ya dawowa sai wajen uku. Umma tana madafa tana fama da tuwo. Gidan ya yi tsit, lungun ma haka, duk maza sun tafi. Na zauna a kujerarsa na buɗe kwamfutar. Akawun ɗinsa a buɗe yake, ni na saita shi haka don kada kalmar sirri ta wahalar da shi. Na yi bismilla, abin kunya, na fara.

Ban sha wuya ba. A gabansa na tashi, na san yadda yake gina magana: gajeren zance, babu ado, kamar yana yi wa maƙwabci bayani ta kan katanga. Na rubuta cewa a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a kan ƙunar har kusan minti ashirin, kada a gaji. Na rubuta cewa kada a fasa bororo. Inda littafin ya yi dogon bayani a kan zobe da awarwaro, na taƙaita shi yadda na san Baba zai yi: a cire su tun wurin bai kumbura ba, don in ya kumbura sai maƙeri. Kafin uku saura kwata na adana sakin layi huɗu, na rufe kwamfutar, na mayar da ƙyallen da Umma take rufa mata, na tafi madafa ina kaɗa miya kamar mutuniyar kirki.

Washegari shafin tattaunawa na babin ya cika. Mikail ya rubuta masha Allahu har sau biyu. Nana Hadiza ta ce hannun manya daban ne, yaran yanzu su zo su ga yadda ake fassara. Wannan Nana Hadizar ce ta yi wa babina na goma sha biyu gyara arba'in da ɗaya, ta ce Hausata ta 'yan boko ce. Na ji haushi, na kuma ji daɗi, daɗin ma ya fi yawa.

Juma'a uku na yi haka. Za a tambaye ni ko ban yi tunanin Baba zai gani ba. Gaskiya ban yi ba. Kullum na zo ƙyallen yana kan kwamfutar yadda na bar shi, sai na ɗauka ya daina buɗewa. Na gaya wa kaina in na gama zan ce masa 'yan takardunsa na tattara na shigar, shi ke nan, a mayar da layin kore a wuce wurin.

A cikin satuttukan nan Umma ta fara kawo mini ƙara. Ta ce Baba ya daina jan salla a masallacin lungu in liman ba ya nan, abin da ya shekara ashirin yana yi, ya ce a ba wani. Ya daina zuwa Kurmi shi kaɗai. Rannan ya ci abincin rana, bayan awa ɗaya ya tambaye ta ko ya ci, da ta ce ya ci sai ya ce ya sani, tabbatarwa yake yi. Kuma ya samo wani ɗan littafi yana yawo da shi a aljihu, ko fita zai yi ko shigowa sai ya duba agogo ya rubuta. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na ce ciwon ne yake gaba, lallai in yi sauri in gama babin kafin wani ya lura. A Juma'a ta uku ko ruwa ban tashi na sha ba.

Ranar Asabar da hantsi ina wanki wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga wiki, an yi rubutu a shafin tattaunawa. Alhaji Fa'izu ne.

"Salamu alaikum. Ina jawo hankalin shugaba cikin gaggawa. Na duba tarihin babi na bakwai, na ga an adana rubutu sau talatin da ɗaya da sunan Malam, duka ranar Juma'a tsakanin ƙarfe ɗaya da uku saura. Jiya ƙarfe biyu da minti shida an adana sakin layi guda. A wannan lokacin ina sahu na biyu a masallaci, Malam yana gabana, ina kallon hularsa. Ina zargin wani ya sace akawun ɗin Malam. A ɗauki mataki."

Na zauna a bakin bahon da kumfa a hannuna. Na fara da zagin Alhaji Fa'izu a zuciyata, mutum da jikoki, kasuwa tana ci, shi yana ƙirga mintocin mutane. Zagin bai daɗe ba ya juyo kaina. Ni da ba na zuwa masallacin Juma'a, a wurina wannan lokacin shi ne lokacin da gida yake shiru. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa shi ne lokaci guda a duk sati da rabin birni zai iya rantsuwa a kan inda Baba yake.

Mikail ya kira. Ya ce ya rufe akawun ɗin kafin a yi bincike, kuma bayan La'asar shi da Alhaji Fa'izu za su je su sanar da Malam, don bai kamata ya ji a bakin wani ba. Ya tambaye ni ko na san wanda yake taɓa kwamfutar. Ga ƙofa a buɗe, kalma biyu kawai zan faɗa. Na ce, "To, Allah ya kyauta."

Na bar wankin na ɗauki mayafi na tari adaidaita. Niyyata in riga su, in gaya wa Baba da bakina. Cunkoso ya riƙe mu a hanya, na isa ana tayar da salla, Baba ya riga ya fita. Na zauna a tsakar gida Umma tana ba ni labarin wani bikin suna ban ji ko kalma ɗaya ba. Can sai na ji muryoyi a soro. A masallaci suka same shi, suka taho tare. Na miƙe na laɓe a soro na biyu, bayan ƙyauren da ya raba su.

Suka gaisa doguwar gaisuwa. Mikail ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi babin, ya yabi Malam, ya yi bayanin yadda ɓata-gari suke shiga akawun ɗin mutane. Alhaji Fa'izu ya gaji ya karɓe zancen, ya karanto lokutan ɗaya bayan ɗaya daga wayarsa.

Baba ya ce, "Ba wanda ya shiga. Ni na rubuta."

Hawaye suka cika mini ido. Na ɗauka ya gane, yana rufa mini asiri ne, mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba.

Alhaji Fa'izu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai jiya muna tare a masallaci. Har mun gaisa a bakin ƙofa bayan an idar."

"Jiya?"

"Jiya Juma'a, Malam."

"Ka gan ni da idonka?"

"Wallahi na gan ka. Farar hula ce a kanka."

Sai muryar Baba ta sauya, ta yi ƙasa, ta zama wata murya da ban sani ba. Ya ce, "Alhaji, don Allah ka gaya mini gaskiya. Na zauna har aka idar? Ban tashi na fita ba ana cikin huɗuba?"

Na ji takarda tana motsi, ya ciro ɗan littafinsa kenan. Ya ce, "Na rubuta a nan na fita sha biyu da rabi, na dawo uku da minti goma. Amma tsakanin nan ban rubuta komai ba. Ko na dawo gida na koma? Ka ce biyu da minti shida?"

Mikail ne ya yi sauri ya ce wataƙila agogon wiki ne ya rikice, yakan yi haka, kada Malam ya damu, zai duba. Ƙarya yake yi, kuma duk wanda yake soron ya san ƙarya yake yi. Suka yi sallama a gurguje. Na ji suna sa takalma, na ji Alhaji Fa'izu yana cewa inna lillahi a hankali a bakin ƙofa. Abin da na yi sati uku ina ɓoyewa ke nan, sun tafi da wanda ya fi shi muni.

Baba ya shigo ya wuce ni a soro na biyu bai ko lura da ni ba. Na bi shi ɗaki. Yana zaune a bakin gado, littafin a hannunsa. Da ya gan ni ya ce in turo ƙofa.

Ya ce, "Gara da kika zo. Akwai maganar da nake so in yi da ke, kada Ummanku ta ji tukuna."

Na durƙusa a gabansa. Ya miƙo mini littafin a buɗe. Rubutunsa ne mai kyau, na tsofaffin malamai. Asabar, bayan Asuba, na buɗe, na tarar da sakin layi huɗu, ban tuna na rubuta ba. Na juya shafi. Asabar, shida sun ƙaru, ban tuna ba. Tsakanin waɗannan duk lokuta ne a jere: na ci abinci, na yi alwala, na fita, na dawo, na kulle ƙofa, na sake dubawa na kulle.

Ya ce, "Duk Asabar da sassafe nake buɗewa, in ce yau zan gwada ko layi ɗaya ne. Sai in tarar an yi. Da sunana. Kuma maganata ce, Lauratu, haka nake magana, ba wanda zai gaya mini. To mutumin da zai zauna ya rubuta shafi guda bai sani ba, me zai hana shi ya zubar da raka'a da mutane a bayansa? Me zai hana shi ya fita Kurmi ya kasa gane hanyar gida? Yau kuma ga shi an ce ina masallaci a lokacin. Ban san ma inda nake zuwa ba." Ya numfasa. "Ina so ki nemi likitan ƙwaƙwalwa ki kai ni ranar Litinin, tun ina gane ku."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na ce, "Baba, ni ce. Ni nake rubutawa in ka tafi masallaci. Ka yafe mini."

Ya dube ni kamar da wani yare na yi magana.

"Ke ce?"

"Ni ce, Baba."

"Kin shiga da sunana?"

"Na ga kana shan wuya. Na ji tsoron a cire sunanka kowa ya gani."

"Jiya ma ke ce? Biyu da minti shida?"

"Ni ce. Kana masallaci, ba ka je ko'ina ba. Ba ka taɓa zuwa ko'ina ba."

Ya ajiye littafin a kan gado. Ya ɗaga hannuwa biyu, ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, ya sake cewa. Hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Ashe da hankalina. Ashe da hankalina nake." Ya shafa fuska ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa buhu daga ka. Na jira faɗa, na ma ƙosa ya zo, don na san na cancanta. Bai zo ba. Har na fara jin sauƙi, na fara tunanin yadda zan kira Mikail in warware masa komai, ya je ya toshe bakin Alhaji Fa'izu tun kafin Magariba.

Sai Baba ya juya ya dubi teburin.

Ya ce, "Wurin nan na zobe da awarwaro. In ya kumbura sai maƙeri."

Na sunkuyar da kai. "Ni ce, Baba."

"Na farkon fa? Inda aka ce kada a gaji da zuba ruwa?"

"Shi ma."

"Ko layi ɗaya babu nawa?"

Ina iya cewa akwai. Ina iya cewa daga takardarsa na ɗauko farkon, ba zai taɓa ganewa ba. Bakina har ya buɗe. Amma na ga abin da ƙaryata ta farko ta yi masa, yana nan a rubuce a kan gado da lokutansa.

Na ce, "Babu, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa. Ya ɗauki ɗan littafin ya rufe, ya sa a ƙarƙashin matashi.

Ya ce, "Sati uku ina tsoron hankalina ya tafi. Amma duk Asabar in na karanta sai in ce, to, ko ba komai mahaukacin ya iya fassara." Ya yi 'yar dariya, wadda da kuka ya yi da ya fi mini sauƙi. "Kin iya, Lauratu. Wallahi kin iya."

Na ce za mu iya yi tare, in riƙa karanta masa Turancin ina faɗa masa ma'ana, shi yana gyara Hausar, saura kaɗan ne ma a gama. Na yi ta magana da sauri, ina kawo dabara bayan dabara. Ya bar ni har na gaji.

Sannan ya ce, "Ki gaya wa Mikail gaskiya yau, ya rubuta a inda kowa zai gani, ya ba mai babi babinta. In an tambayi dalili, ki ce Turancin ya bar ni. Kada ki ƙara kada ki rage." Ya nuna teburin da haɓa. "Wannan kuma ki tafi da ita gidanki, ta cika mini wuri."

Na tashi na ɗage ƙyallen na ninke. Na zare wayar cajin daga bango, na naɗe ta a hannuna a hankali, na warware na sake naɗewa, ina jiran ya ce in bar ta zuwa wani satin. Bai ce ba.